Dutsen Kwatarkwashi: Ruwansa, Mutanensa da Maikinsa

Wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, da zarar ya wuce Tsafe zai ga ƙasar ta fara sauya kama. Gonakin dawa da masara da auduga suna nan shimfiɗe kamar yadda ya baro su a baya, amma duwatsu sun fara ɓullowa daga cikinsu, wasu a tattare kamar an jibge su, wasu kuma a ware, kowane yana zaman kansa. Kafin a shiga Gusau da tafiyar 'yan mintoci a mota sai babbansu ya tare ido, wato Dutsen Kwatarkwashi, a cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, da garin da ya ɗauki sunansa kwance a gindinsa. Na bi wannan hanya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abin da na lura da shi shi ne, akasarin matafiya kallon ado suke yi wa dutsen, su ce tubarkalla su wuce. Ni kuwa a ganina dutsen ya fi ƙarfin ado, domin shi ne dalilin zaman garin a inda yake, kuma ba a iya fahimtar tarihin mutanen wannan yanki sai an fara fahimtar abin da dutse ke yi wa ruwa da ƙasa da tsuntsu.

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa gabashi da kudancin Zamfara suna zaune ne a kan tsohon ƙashin ƙasa, wato daskararrun duwatsun da suka girmi duk wani abu mai rai da ke tafiya a doron ƙasa. Yamma da arewa maso yamma kuwa, wajen Sakkwato da Birnin Kebbi, ƙasa ce ta yashi da laka da farar ƙasa waɗanda ruwa ya tara a tsawon zamani, shi ya sa ake samun dutsen siminti a Kalambaina amma ba a samun irin Dutsen Kwatarkwashi a can. Wannan dutse na giranit ne, kuma ya samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ƙasa suka yi karo da juna, narkakken dutse ya taso daga can ƙasa amma bai kai ga fitowa fili ba, ya tsaya a ciki ya huce sannu a hankali. Saboda jinkirin hucewar ne ƙwayoyinsa suka yi girma, har idan mutum ya ɗauki ɓallinsa ya duba da kyau zai ga fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli a cakuɗe. Ke nan dutsen ba tsirowa ya yi ba. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi ta bar shi. Ruwa ya riƙa shiga ta tsagogi yana ruɓar da duk inda dutse ya yi rauni, ambaliya da iska suna kwashe ruɓaɓɓen, har aka wayi gari abin da ya rage a tsaye shi ne curin da ba shi da tsagogi da yawa. Rana da sanyin dare suna ci gaba da aikinsu har yau, suna ɓare bayansa falle-falle kamar ɓawon albasa, kuma wannan ne ya ba shi santsi da zagayen da ake gani daga nesa.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan Adam shi ne yadda irin wannan dutse ke yi da ruwan sama. Na taɓa fakewa a wata rumfa a gefen hanya cikin watan Agusta, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, sai na ga jikin dutsen ya yi baƙi ƙirin, ruwa yana gangarowa ta kowace kwana fari fat, wani a zirin siriri, wani a faffaɗe. Falalen dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa sai ya gangaro gindi, saboda haka ƙasar da ke kewaye da shi tana samun ruwan da ya sauka a kanta, ta kuma ƙara da wanda ya sauka a kan dutse. A yankin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, don shi ne ke sa rijiyar gindin dutse ta daɗe ba ta ƙafe ba, shuka kuma ta jure fashin ruwa. Ruɓaɓɓen dutsen da ruwan ke saukowa da shi yana sabunta ƙarfin ƙasar, sannan a can sama akwai ramuka da kwaruruka da ke riƙe ruwa bayan damina ta ɗauke. Itatuwan da suka saba da irin wannan wuri, kamar kukkuki da hano da dangin ɓaure masu cusa saiwa cikin tsaga, su ke tsare 'yar ƙasar da ta taru a kwaruruka, kuma a cikinsu ne rema da kazar duwatsu da birai ke samun mafaka. Manomin farko da ya zo nan ba ya bukatar wani ya yi masa bayani, ciyawar da ya tarar kore a lokacin da ta ko'ina ta bushe ta isa ta tsayar da shi.

Wannan ba a Kwatarkwashi kaɗai ya faru ba. Kano ta tashi a gindin Dala, Zazzau tana da Turunku da Kufena, kuma su kansu Zamfarawa tarihinsu na baka yana farawa ne daga wani wuri mai suna Dutsi a ƙasar Zurmi, kafin a kai ga kafa Birnin Zamfara. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya daɗe da jan hankali ga wannan alaƙa tsakanin duwatsu da tasowar garuruwan Hausa. Dutse yana ba da ruwa da ƙasar noma, yana ba da wurin hango maƙiyi tun yana nesa, yana kuma ba da wurin gudu inda doki ba ya iya hawa. A zamanin da ƙarfin yaƙi ya dogara ga dawaki, wannan na ƙarshe shi ne ya raba garin da ya rayu da wanda ya zama kufai. Barde da sulkensa da lifidinsa abin tsoro ne a fili, amma idan ya iso gindin dutse dole ya sauka, kuma da ya sauka ya zama daidai da kowa, ko ma ya kasa wanda ke sama da kwari da baka.

Tarihin baka na Kwatarkwashi yana danganta kafuwar garin da wani maharbi mai suna Mangul. Ko da mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi tsantsa, ko ya ɗauke shi a matsayin yadda al'umma ta zaɓi ta tuna asalinta, akwai hikima a cikin cewa maharbi ne, domin maharbi shi ne mutumin da ya san inda namun daji ke shan ruwa da rani. Kafin jihadi wannan yanki yana cikin ƙasar da ake kira Katsina Laka, wato kudancin daular Katsina mai ƙasar laka da yalwar ruwa, saɓanin jigawar arewa. Har yau sunayen sarautu suna riƙe da wannan tarihi ko da iyakokin jihohi sun sauya: Sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsafe kuwa 'Yandoto, shi kuma na gindin wannan dutse Mai Kwatarkwashi. Wanda ya ji waɗannan sunaye ya san cewa Jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996 ta haɗa ƙasashe fiye da ɗaya a cikinta, kuma gabashinta ya daɗe yana fuskantar Katsina kafin ya juya ya fuskanci Sakkwato.

A nan ne ake zuwa ga batun da wasu ba sa son a taɓo, wato tsohon addinin wurin. Masu nazarin al'adun Hausawa idan suna lissafa wuraren bauta na kafin Musulunci sukan ambaci Tsumburbura a Kano, su ambaci Magiro a Kwatarkwashi. Mutanen da suka ga dutse yana ba su ruwa da tsaro, ga kogunan da ba a ganin ƙarshensu, ga amsa-kuwwa, ga manyan tsuntsaye suna shawagi a ƙololuwa, ba abin mamaki ba ne su ɗauka cewa akwai iskoki a wurin da ya kamata a nemi yardarsu. Musulunci ya zo ya kawar da wannan aƙida, kuma mutanen garin a yau Musulmi ne masu kishin addininsu. Amma ina ganin kuskure ne a ce saboda haka sai a binne labarin. Sanin abin da kakanni suka bari ba komawa gare shi ba ne, kuma malaman da suka rubuta tarihin Larabawa ba su ɓoye yadda jahiliyya take ba. Abin lura ma shi ne, ba da nisa da wannan dutse ba akwai 'Yandoto, wadda ta yi suna a matsayin garin malamai tun ƙarnuka da dama kafin jihadi, kuma daga cikinta ne tarihin Katsina ya ce Muhammadu Korau ya fito, wanda ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko. Ke nan allo da tawada da tsafin dutse sun daɗe suna maƙwabtaka a ƙasa ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma sauyin da ya faru ya ɗauki zamani mai tsawo.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya girgiza wannan yanki sosai. Malaman 'Yandoto sun rabu, wasu suka bi Shehu, wasu suka ƙi, har Muhammadu Bello ya zo da runduna aka ci garin a farkon shekarun jihadin. Daga cikin waɗanda suka bi Shehu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a bakin Gulbin Sakkwato. Daga nan ne ma'aunin ya fara karkata daga dutse zuwa fili. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hare-haren dawaki suka ƙare, mutanen da ke zaune a kan duwatsu a sassa da dama na Arewa suka riƙa saukowa kusa da gonaki da hanyoyi, hukumar mulkin mallaka ma ta fi son haka don sauƙin ƙirga da karɓar haraji. Da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai auduga da gyaɗa suka zama su ne masu jan mutane, Gusau ta cika ta batse da 'yan kasuwa da ma'aikata, tsofaffin garuruwan dutse kuwa suka koma na gefen hanya. Duk da haka sarautar Kwatarkwashi ba ta yanke ba. Marigayi Alhaji Ahmad Umar ya hau gadonta a 1961, ya rasu a 2022 bayan shekara 61, wato ya ga Jihar Arewa, ya ga ta Arewa maso Yamma, ya ga ta Sakkwato, ya kuma ga ta Zamfara, duk daga gindin dutse ɗaya.

Idan aka ambaci Kwatarkwashi a wajen dattawa, abu biyu ke fara zuwa bakinsu: wasan baura, wanda a da samari ke karawa da ƙarfe a wuyan hannu, da kuma kamun maiki. Maikin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a wajensa ne tarihin halitta da na mutane suka fi haɗuwa. Shi babban ɗan'uwan ungulu ne, faɗin fikafikansa ya haura mita 2, kuma akasari yana yin sheƙa ne a jikin dutse mai tsayi inda ƙafa ba ta kaiwa cikin sauƙi. Masu nazarin tsuntsayen Najeriya sun rubuta Dutsen Kwatarkwashi a matsayin sanannen wurin da wannan tsuntsu ke taruwa ya yi ƙwai, abin da ba kasafai ake samu a ƙasar nan ba. Dalilin zaɓensa bai tsaya ga tsaro ba. Tsuntsu mai wannan nauyi ba ya iya yini yana kaɗa fiffike, sai dai ya jira hantsi ya dubi ludayi, dutse ya ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi daga jikinsa, sannan ya buɗe fikafikai ya hau ta yana kewayawa har ya ɓace wa ido. Daga can sama yake hango mushe a nisan da mutum ba zai yi zato ba. A 1973 wani maiki irin wannan ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a tsayin mita 11,300, kuma har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya wuce haka ba.

Maiki yana rayuwa ne a kan mushe, mushe kuwa a wannan yanki yana zuwa ne daga namun daji da garken shanun makiyaya. Saniya ta faɗi a daji, kafin ta ruɓe ta yaɗa cuta, tsuntsayen sun sauko sun share ta, kuma cikinsu yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cututtukan da za su halaka kare ko mutum. Aikin tsafta ne da ba a biya, kuma ba a san darajarsa sai ya tsaya. A Indiya, da wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu daga shekarun 1990, karnukan sake suka yawaita a kan mushe, ciwon haukan kare ya ƙaru. Mu ma nan duk wanda ya haura shekara arba'in zai tuna yadda ungulaye ke jere a kan katangar mahauta da rufin kasuwa, suna jiran a watsar da tumbi. Ni kaina na taso ina ganinsu har ba na ɗaga kai in dube su, yau kuwa sai in shekara ban ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sanya maiki da ungulu a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Abin da ke cin su sananne ne: gubar da ake zubawa a mushe don kashe kura ko karnuka, da cinikin kai da ƙafafu da ƙwai a kasuwannin masu magani, da kuma raguwar daji. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya tak a shekara, ya kwanta a kansa kusan wata biyu, ya yi renon ɗan wajen wata biyar, ɗan kuma ya ɗauki shekaru kafin ya fara haihuwa, ba ya iya mayar da gurbin abin da ake kashewa da wannan sauri. Kamun da a da ake yi sau ɗaya a shekara cikin biki da ƙa'ida daban yake da farautar kasuwa wadda ba ta da lokaci ba ta da iyaka.

Ƙashin ƙasar nan da ya ba da dutse shi ne kuma ya ba da zinariya. A yammacin wannan yanki, wajen Maru da Anka da Bukkuyum har zuwa Zuru a Jihar Kebbi, akwai zirin duwatsu masu falle-falle da jijiyoyin ƙanƙarar dutse suka ratsa, kuma a cikin jijiyoyin ne zinariyar take. Matsalar ita ce a wasu wurare tana tare da dalma. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, saboda ana kawo dutsen cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙar da ta ce tana gani tsakaninsa da ta'addancin 'yan bindiga. Ban kawo wannan don in kauce daga batun dutse ba, sai don a ga cewa ƙasa ɗaya ce, kuma rashin sanin abin da ke cikinta yana da tsada ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda amfanin duwatsu da dazuzzuka ya juye. A da, mai rauni ne ke gudu dutse ya tsira daga mai ƙarfi. Yau dazuzzukan da ke kudu, har zuwa Kuyambana wadda aka keɓe don namun daji, wadda kuma tarihin baka ke haɗa ta da sarauniyar Zamfara 'Yargoje, sun zama maɓoyar masu ɗauke mutane, manomi kuwa yana fili ba shi da wurin gudu. Babur ya maye gurbin doki, kuma yana shiga inda doki ba ya shiga. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da nake magana a kanta mutane suna bin ta da addu'a a baki, direba ba ya son tsayawa balle a ce a sauka a kalli dutse. A irin wannan hali, maganar mayar da Kwatarkwashi wurin yawon buɗe ido, wadda ake yawan ji a jawaban jami'ai, tana gaba da lokacinta. Baƙo ba zai zo inda ɗan gari ke fargabar zuwa gonarsa ba.

Akwai dai aikin da ba ya jiran komai, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana kan wannan hanya, kusa da dutsen ƙwarai. Dattawan da suka ga baura da kamun maiki da idonsu, suka san sunan kowane kogo da kowace hanyar hawa da inda tsofaffin unguwanni suke, suna raguwa kowace shekara, kuma ɗalibi ɗaya da wayar hannu zai iya naɗar abin da suka sani cikin hutu guda. Haka nan ya kamata masarauta da ƙaramar hukuma su shata iyakar inda masu fasa dutse za su tsaya, domin bukatar tsakuwar gini a Gusau kullum ƙaruwa take yi, kuma nakiya ba ta bambanta falalen banza da wurin da ke ɗauke da kufai ko sheƙa. Su ma tsuntsayen ana iya ƙirga su ba tare da an hau ba. Inda maiki ya daɗe yana zama, kashinsa yana barin farin zane a jikin dutse wanda ake hangowa daga ƙasa, kuma da sanyin hunturu, lokacin da suke kan ƙwai, mutum biyu da tabaran hangen nesa za su iya tsayawa a gindin dutsen da hantsi su rubuta ko wane farin zane ne ke da tsuntsu a kansa, wane ne kuma ya zama kango.